Dami Bakwai na Sha'ibu Kirik

Damari,
20 ga Satumba, 1977.

Zuwa ga jikana Harisu Sha'ibu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen da kuke aiki tare. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ta daina jin magana tun azumi. Uwarka Talatu tana gaishe ka, tana nan cikin takaba, cin abincinta sai an matsa. Ƙanwarka Zulaihatu ta ce in tambaye ka halan can babu masu ɗaukar hoto ne.

Ni ne Ɗanliti, wan kakanka, nake magana. Malam Audi malamin asibiti shi ke riƙe da alƙalami. Na ce mashi ya rubuta yadda na faɗa, in ya gyara mani magana Allah na ganinshi.

Yau kwana saba'in da rasuwar ubanka. Ka zo sadakar arba'in kamar wanda ya zo ɗaukar wuta, kwana uku ka koma, ban samu zama da kai ba. Ni na riƙe Sha'ibu tun yana shekara shida, ni na kai shi kaciya, ni na nemo mashi uwarka. Ban zaci ni zan sa shi a ƙasa ba. Har yanzu in la'asar ta yi sai in ji kamar zai shigo zaure ya jingine fartanya ya ce, "Baba, an ci ko a kawo?" Mutumin da duk ƙasar nan ke kira Sha'ibu Kirik, yara na tsoron takalminshi na soja, shi ne ke zama ya cire wa Zulaihatu ƙaya da allura yana hura mata ƙafa.

Dawar gonar gabas ta fid da kai. Shi ya shuka ta, ya yi mata noman fari da maimai, bai ga kanta ba. Ni da maƙwabta muka ƙarasa.

Ga abin da ya sa na aiko. Ka san kowace shekara in an yanke dawa ubanka kan ware dami bakwai, ya aza wa jaki, mu tafi ni da shi kwana tara. Bana babu shi. Kayan nan bai mutu tare da shi ba, kuma kai ne namijin gidan. Ka nemi izini wajen masu gidanka ka zo bayan Babbar Salla. Kada ka tambaye ni bayani a takarda, ba maganar takarda ba ce. Ka zo da ƙafarka.

Allah ya tsare ka da ruwan can.

Kakanka,
Ɗanliti.

*

Fatakwal,
16 ga Oktoba, 1977.

Zuwa ga Baba Tsoho.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Na sami wasiƙarka, na yi murna da jin kuna lafiya. Gwiwa kuwa ai dole ta yi yaji, shekara nawa kana ba ta wahala? A gaishe da Inna, a ce wa Zulaihatu hoto na nan tafe. Ni ma lafiyata ƙalau, sai sauro da ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Baba Tsoho, na karanta wasiƙar sau uku, na kuma gane inda ta dosa. Kai ne namijin gidan, ka zo da ƙafarka. Haka Baba ya faɗa mini ranar da zan taho nan, da na ƙi kuma bai raka ni ko bakin zaure ba. Kwana tara za su zama wata tara, a miƙo mini fartanya. Ba zan iya ba. Ni mai walda ne, muna shimfiɗa bututun mai ta cikin ruwa, kuma rani ne lokacin aikin. Wanda ya tafi yanzu, kafin ya kai Inugu an sa wani a gurbinsa.

Batun dami bakwai, ban manta ba. Ban manta da shekarar fari ba kuma, lokacin da Inna ke dama mana kunu tsararo sau ɗaya a rana, Baba ya shiga rumbu ya fito da bakwai ɗin nan cif. Na tsaya ina kallon jakin har ya ɓace. Bai taɓa gaya mana inda yake kai su ba. Na ɗauka sadaka ce ga abokansa na soja, kuma ban hana a ci gaba ba.

Don haka na sayi shinkafa 'yar waje buhu bakwai, doguwa, ba tsakuwa ko ɗaya, na ba wani direban babbar mota mutumin Funtuwa. Kowane buhu ya fi dami uku. A ba mutanen. Kai kuma ka zauna ka huta, a sa a mota a kai musu. In ka sa Malam Audi ya rubuto mini sunayensu da garuruwansu, kowace shekara zan riƙa aikawa ba sai an tuna mini ba.

Ka huta lafiya, tsoho mai ran ƙarfe.

Naka,
Harisu.

*

Damari,
12 ga Nuwamba, 1977.

Harisu.

Muna lafiya. Uwarka ta kusa fita takaba. Gwiwa na nan yadda take.

Shinkafarka ta iso. Tana zaure, kaji na zagaya ta. Mutanen unguwa sun zo sun gani sun ce ɗan Sha'ibu ya yi arziki. Allah ya ƙara.

Wa ya ce maka ina neman mai noma? Fartanyar ubanka ta fi ƙarfin hannunka, ɗan boko, ka riƙe ƙarfenka mai tartsatsi. Kwana tara na ce, kuma ni in na ce tara ba na nufin goma.

Kuma wa ya ce maka mutanen nan almajirai ne da za a jefa masu buhu daga bayan mota? Akwai gidan da ya fi namu hatsi cikinsu. Dawar da Sha'ibu ya noma da hannunshi ita ake kaiwa, yankan farko, a ɗaure ta da kaba, a sauke a ƙofar gida, a shiga a zauna. Zaman shi ne abin. Shinkafar da ba a san gonarta ba mi za ta je ta ce masu?

Ka tuna mani shekarar fari. Ni ma ina nan a shekarar. Ni na tare ƙofar rumbu na ce mashi, "Sha'ibu, 'ya'yanka." Ya ce, "Baba, nawa suna da uba." Na kauce. A hanya kwana tara bai ci komai ba sai ƙanzo da ruwa, guzurin da uwarka ta ɗaura mashi ya dawo da shi gida ya zuba maku. Wannan ba ka gani ba, kana can kana kallon jaki.

Sunaye ba zan ba da su a rubuta ba. Malam Audi ya ce in rubuta don tsaro, na ce mashi aikinshi allura. Takarda gara ke ci, kuma duk abin da aka rubuta an sami dalilin mantawa da shi. Suna cikin kaina, gida gida, da wanda za a fara gaisarwa a kowane.

Tunda ba ka zuwa, zan tafi ni ɗaya bayan Salla.

Ɗanliti.

*

Damari,
9 ga Janairu, 1978.

Zuwa ga jikana Harisu.

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ba mu ji daga gare ka ba. Duk ranar kasuwa sai na aika a duba gidan waya a Funtuwa. In fushi kake, ka yi da ni, ka rubuto wa uwarka. In kuwa ba ka da lafiya ne, ka sa wani ya sanar da mu. Tana tashi da asuba da sunanka.

Na je na dawo. Kwana goma sha huɗu na yi maimakon tara. Ba don Saje ba, jakin ubanka mai yankakken kunne, da ban kai ba. Idona ya rage, an kuma yi sabuwar kwalta wajen Sheme ta cinye turbar da muke bi, na tsaya ban san gabas ba. Na sake mashi igiya. Shi ya kai ni, ƙofa ƙofa, in ya isa sai ya tsaya ya sunkuyar da kai a sauke.

Zan faɗa maka abin da na ce ba zan faɗa a takarda ba. A hanyar dawowa na faɗi a wani kwazazzabo, na daɗe kwance ina kallon sama, na ce yanzu in na tafi a nan, mutum bakwai sun tafi tare da ni. Audi, rubuta.

Shekarar da aka fara yaƙin basasa aka kira tsofaffin soja, ubanka na ciki. Samari bakwai na ƙasar nan suka bi shi, suka hau mota ɗaya a Funtuwa. Ina wurin. Iyayensu suka riƙa kama hannunshi suna cewa, "Kofur, ga amana." Aka kai su ƙasar ruwa, wadda sojoji ke kira kirik, inda kake yanzu. Wata safiya aka zuba su a jirgin ruwa su takwas da wasu, da takalma da harsashi a ɗaure a jiki. Ba wanda ya harbe su. Jirgin ne ya daki wani abu ya kife, a inda ruwa uku suka haɗu, kusa da wani gari Boni, gefen wani ƙauyen masunta da suka rataye ƙararrawa a bishiya. Yaran da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce cibiya ba. Ubanka saiwar itace ya kama. Ba a ga ko ɗaya ba, ba wanka, ba salla, ba kabari.

Da ya dawo bai iya shiga gidajen hannu sake ba, shi ne ya ɗaure dami.

A kowane gida, bayan gaisuwa, tambaya ɗaya suke mashi: "Kofur, yaya ruwan?" Sai ya faɗa masu kamar wanda ya dawo daga ziyarar maƙabarta. Ni ina gefe ina jin rabi.

Gidaje shida sun karɓe ni, aka yi kuka, aka yi addu'a, ba su tambaye ni ba don sun san ban je can ba. Na bakwai a Ketare ne, wajen Iya Mero uwar Rabo. Makauniya ce. Ta ji kukan Saje ta fito da lalube tana cewa, "Kofur, bana ka makara." Ba wanda ya gaya mata Sha'ibu ya rasu. Ni na gaya mata, a tsaye, igiya a hannuna.

Ta lalubi tabarma ta zauna. Ta sa aka kawo mani fura. Sannan ta juyo ta ce, "To Malam Ɗanliti, yaya ruwan?"

Harisu, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi rafin Damari ba. Na ce, "Lafiya lau." Kamar an tambaye ni mutanen gida.

Ta ce, "Ba ka taɓa ganinshi ba, ko?" Na ce ban taɓa ba. Ta ce kowace shekara Kofur abu guda yake ƙara mata, ta lissafa da yatsu: ruwan na tafiya ya dawo sau biyu a rana. Yana da gishiri. Itatuwan wurin a kan saiwoyinsu suke tsaye. Akwai fararen tsuntsaye. Akwai ƙaguwa. Akwai kifi mai tafiya a laka. Ruwan sama na sauka a kanshi ba ƙara. Ta ce, "Da waɗannan nake gina wurin da ɗana yake. Na takwas nake jira."

Don wannan na kira ka. Ba don noma ba. Kai kaɗai ne a zuriyarmu ka ga ruwan. Da na faɗa maka tun farko, amma ban saba roƙon yaro ba.

Ga su: Rabo, Gide, Almu, Abdulƙarim, Tsalha, Ila, sai Nomau, shi Bamaguje ne, daminshi daidai da na kowa. Audi ya karanta mani su, ya rubuta daidai.

Ɗanliti.

*

Fatakwal,
5 ga Maris, 1978.

Zuwa ga Baba Tsoho.

Ina gaishe ka, ina neman gafara. Ba fushi ba ne, ba ciwo ba ne. An tura mu cikin ruwa wata uku, a kan jirgi muke kwana muke tashi, wasiƙu kuma suna ofis a gari. Duka biyun na same su rana ɗaya. Na karanta ta farko na ji haushi, na karanta ta biyu na rasa inda zan zauna. Yaya jikinka bayan faɗuwar? A ce wa Inna ina lafiya, na rubuto mata tata daban.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Sau ɗaya Baba ya taɓa dukana, ranar da ya same ni ina wanka a kududdufin bayan gari ina shekara goma sha biyar. Ya fizgo ni da hannu ɗaya, ya yi ta dukana, da ya gama sai ya zauna a ƙasa. Na riƙe wannan a zuciya shekara bakwai. Da na zo nan, abin da na fara koya shi ne iyo, don in rama.

Ranar Lahadi na ɗauki kwalekwale daga Boni na tafi neman wurin. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban tabbata shi ne ba. Inda ruwa uku suka haɗu yana da yawa a nan. Amma na sami ƙauye mai ƙararrawa a bishiya, da wani tsohon masunci, sa'anka, mai taurin kai irin naka. Ya ce jirage da yawa sun kife a shekarun nan, na sojan kowane ɓangare. Da na ce yaran Arewa ne da safe, sai ya shiga kwalekwalen ya nuna hanya.

Ga abin da za a karanta wa Iya Mero.

Iya, duk abin da Kofur ya faɗa miki haka yake. Na ɗanɗana, akwai gishiri. Na ga kifin yana tafiya a laka da hannuwansa. Na takwas shi ne wannan: wurin ba kufai ba ne. Hanya ce. Tun safe mata ke wucewa a kwalekwale za su ɗebo dodon koɗi, masunta na fita, ana kai yara makaranta. Mutanen ƙauyen in sun iso daidai wurin sai su ɗaga filafili, su bar ruwa ya wuce da su, sai sun gota su ci gaba da tuƙi. Na tambayi tsohon dalili, ya ce akwai baƙi a ƙasa, ba a dama musu ruwa. Ba su san sunayensu ba. Na tsaya na kira su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, Rabo ne farko, na yi musu addu'a. Tsohon ya cire hularsa har na gama.

Nan ya ƙare. Wannan kuma naka ne kai kaɗai, Baba Tsoho. Akwai mai yana yawo a saman ruwan, fararen tsuntsayen ban ga ko biyar ba, kuma bututun da ya ratsa ta gefen wurin, da hannuna aka haɗa shi. Sau nawa na wuce ta nan da jirgin inji ina cin burodi, ban sani ba.

Ka aiko mini da sunayen gidajen da garuruwan, in rubuta wa kowa tasa.

Naka,
Harisu.

*

Damari,
18 ga Afrilu, 1978.

Zuwa ga jikana Harisu.

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta zo, uwarka ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Jikina da sauƙi. Zafi ya yi yawa, hadari na haɗuwa yana watsewa.

Na sa Malam Audi ya karanta mani sau huɗu har ya ce yana da marasa lafiya. Ranar Juma'a na hau bayan babur ɗinshi, abin da na rantse ba zan yi ba, muka tafi Ketare. Ya karanta wa Iya Mero nata. Da ya zo wajen ɗaga filafili ta ce ya tsaya. Ya tsaya. Ta ce ya maimaita. Sai ta naɗe yatsa na takwas ta riƙe shi da ɗaya hannun.

Can ta ce, "Malam, tambaye shi, daga wurin ina ne alƙibla? In ruwan zai tafi, ta can yake bi ko ta baya?"

Audi ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Iya, bai rubuta ba."

Ta ce, "To tambaye shi mana."

Ya ce, "Iya, takarda ce."

Ta ce, "Kofur in na tambaye shi amsawa yake."

Ka ji. Ban ƙara ko kalma ba.

Abin da ka ce nawa ne, na riƙe. Ubanka ma akwai abin da bai faɗa masu ba, ni ya faɗa mawa, a kan hanya, yana gaba ina baya. Ba ka zauna a gidajen ba tukuna har ka iya rabon magana irin nashi. Dukan nan kuwa, ranar bai ci tuwo ba. Ya zo ɗakina ya ce, "Baba, na ga kan yaron nan cikin ruwa." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Gidaje da garuruwa ba zan ba ka ba. Sunaye na ba ka don ruwan na wajenka. Hanya tana wajena, kuma ba a aika ta a ambulan. Ka riga ka san Ketare, to je ka nemi sauran shidan in kana iyawa.

Shinkafarka mun fara ci, tunda ɓeraye sun riga mu. Ba laifi. Ba ta riƙe ciki, amma ba laifi. Na raba wa unguwa da sunanka.

In ruwa ya sauka zan shuka gonar gabas.

Ɗanliti.

*

Fatakwal,
27 ga Agusta, 1978.

Baba Tsoho,

Barka da shan ruwa. Ina fata kai da Inna da Zulaihatu kuna lafiya, damina kuma ta yi kyau.

Na yi shiru ne har in sami abin faɗa. Sau uku na nemi hutu, sau biyu aka hana. Jiya shugaban aikinmu ya sa hannu: mako uku daga 13 ga Nuwamba. Ya ce in na ƙara kwana ɗaya kada in dawo. Don haka tara ɗinka ta zama tara.

Na koma wurin sau biyu. Na duba alƙibla da rana, na zauna har ruwan ya tafi ya dawo, na ga ta inda yake bi. Ba zan rubuta ba, da bakina zan faɗa mata. Na kuma cika kwalba da ruwan, ta ɗanɗana gishirin da kanta.

Kada ka ɗaure damunan duka. Ka bar mini ɗaya ka nuna mini yadda ake yi, ka yi dariyarka ka gama. Motar Gusau zan hau daga Zariya in sauka a Sheme ranar 15.

Naka,
Harisu.

*

Damari,
22 ga Oktoba, 1978.

Zuwa ga jikana Harisu.

Assalamu alaikum. Mun ga wasiƙarka, Allah ya kawo ka lafiya. Uwarka ta share ɗakin ubanka ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Zulaihatu ta ce hoton da ka aiko ka rame. Dawa ta yi kyau, ta fi ta bara.

Iya Mero ta rasu ranar Laraba, sati biyu ke nan. Zazzaɓi ne na kwana uku. Na je gaisuwa. An ce ta samu saƙonka, ta san kana tafe da kwalba, har ta riƙa tambayar nawa ga wata.

Na san abin da za ka ce a ranka, na ce shi kafin kai. Na zauna a ƙofar gidan ina tunanin bana dami shida ke nan. Sai wata yarinya ta fito da ruwa, Suwaibatu, ɗiyar Rabo, wadda yana tafiya tana wata uku a goye. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Baba, Iya ta bar mani guda takwas. Ta ce in mai zuwan ya zo in tambaye shi alƙibla, in karɓi na tara."

Don haka bakwai ne. Kada ka zubar da ruwan.

Gwiwar ta haɗa kai da 'yar uwarta, yanzu da sanda biyu nake tafiya. Uwarka ta ce in zauna, Audi ya ce in zauna, limami ma an turo mani. Na ji su duka. Zan ɗaure shida, na bakwai in aza shi a kwance da kabarshi, in taso da wuri don in riga ka isa. Daga ranar 14 ina Sheme, bakin hanya, ƙarƙashin tsamiyar masu rake.

Ka sayi takalmin tafiya, ba irin na hoton nan ba. In an shiga gida a gaida tsofaffi tukuna, kada ka yi maganar ruwa sai an tambaye ka, kuma duk abin da aka kawo ka ci.

In ka sauka ba ka gan ni ba, kada ka tsaya nema. Ka duba jaki mai yankakken kunne, ka sake mashi igiya, ka bi shi. Inda ya tsaya ya sunkuyar da kai, ka yi sallama.

Kakanka,
Ɗanliti.